Ali Farka Toure: Manomin da Ya Koya wa Jita Harshen Garinsu

Ƙannena masu sha'awar waƙa, maza da mata, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinku, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Duk wanda aka tambaya wane irin kiɗa yake yi, sai ya ce shi gargajiya yake haɗawa da zamani. In ka saurari waƙar kuwa, abin da za ka tarar shi ne mai fiyano ya latsa inda amon kalangu yake fita, an ɗora shi kan bugun da aka sauke daga intanet, na'ura ta miƙe muryar inda ta karkace, mawaƙi ya sa babbar riga da zanna bukar a bidiyo, shi ke nan wai an haɗa. Shi kansa bai taɓa rataya kalangu ba, balle ya san yadda ake matsa shi a hammata har ya yi magana. Ba raina ƙoƙarinku nake yi ba. Na san da yawanku da guminku kuke biyan kuɗin situdiyo, kuma a cikinku akwai masu baiwa ta gaske. Tsorona ɗaya ne, kada ku ɗauka iyakar abin ke nan, ku tsaya a nan.

Shi ya sa zan ba ku labarin wani mutumin arewacin Mali, Ali Ibrahim Toure, wanda duniya ta sani da Ali Farka Toure. Da yawanku ba ku taɓa jin sunansa ba, alhali ƙasarsu ba ta yi mana nisa ba: kogin Kwara da ya ratsa Yamai ya gangaro Yawuri, sai da ya fara bi ta garinsu. Lambar Grammy uku ke ɗauke da sunansa, manyan makaɗan jita na Amurka sun zauna gabansa suna kallon yatsunsa, amma in aka tambaye shi sana'arsa, noma yake fara ambata. A ganina babu mawaƙin Afirka da ya fi shi nuna yadda ake aurar da tsohon kiɗa ga sabon kayan kiɗa ba tare da tsohon ya zama bara a gidan ba.

An haife shi a 1939 a ƙauyen Kanau, a bakin kogi, cikin yankin Timbuktu. Shi ne ɗa na goma wurin mahaifiyarsa, kuma duk waɗanda suka riga shi sun rasu suna ƙanana. Ɗan wabi ke nan a faɗarmu, kuma kamar yadda ake raɗa wa irin waɗannan yara Ajuji ko Ayashe a ƙasar Hausa, shi ma aka laƙaba masa Farka, wato jaki. Mahaifinsa ya rasu yana aikin soja a rundunar Faransa tun Ali bai san shi ba, iyalin suka koma Niafunke, wani gari a gaɓar kogin, kudu maso yamma da Timbuktu. Nan ya girma, nan ya yi noma, nan aka binne shi. Bai yi karatun boko ba. Gona ya sani, sai kogi, sai sana'o'in da ya yi ta koya: ya yi tuƙin mota, ya tuƙa jirgin ruwa, ya iya gyaran inji.

Gidansu ba gidan kiɗa ba ne. A Mali, kamar a nan, kiɗa gadon wasu gidaje ne, kuma ɗan gidan da ake ganin na masu asali ne in ya ɗauki abin kiɗa ya jawo wa dangi magana. Saboda haka bai sami mai zaunar da shi ya koya masa ba, sai masu hani. Abin da ya fara jan kunnensa shi ne kiɗan da ake yi a tarukan iskoki na mutanen Songhai, 'yan uwan Zabarmawa, mai kama da wanda muka sani wajen 'yan bori. Ba kiran kowa nake yi zuwa ga wannan ba, shi kansa Ali Musulmi ne mai riƙo da addininsa. Abin lura shi ne yaron ya daɗe yana sauraro, kunnensa ya cika kafin hannunsa ya taɓa komai. Da ya tashi farawa, da kansa ya haɗa abin kiɗansa, wani ɗan molo mai tsirkiya ɗaya da suke kira jarkel. Daga baya ya ƙware a njarka, ƙaramin goge mai tsirkiya ɗaya, ɗan uwan kukumarmu, kuma bai rabu da ita ba har ya bar duniya.

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin duk abin da ya zama daga baya, daga nan ya samo shi. Tsirkiya ɗaya ba ta rufa wa kowa asiri. Mai fiyano yana iya danna sauti uku ko huɗu gaba ɗaya, wanda ya kauce ya ɓuya a cikin 'yan uwansa. Mai tsirkiya ɗaya kuwa shi ne kari, shi ne bugu, shi ne ado, kuma in yatsansa ya goce ko yaya ne, kowa a wurin ya ji. Dole ya koyi jan sauti ya lanƙwasa shi yadda maƙogwaro yake yi, ya koyi girgiza shi, ya koyi inda ake yin shiru. Mafi wuya duka, dole ya iya maimaita gajeren kari guda dare ɗaya cur ba tare da ya gundiri jama'a ba, domin a kowane zagaye akwai ɗan abin da ya sauya, wani lokaci ɗan jinkiri, wani lokaci ɗan ƙarin taɓi da sai mai kunne zai kama. Mu ba baƙin wannan ilimi ba ne. Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya fita ƙasashen waje ya dawo, Hassan Wayam da Ahmadu Doka da kukuma suka riƙe dandali har asuba. Abin da waɗannan suka sani, Ali ya riga ya san shi kafin idonsa ya faɗa kan jita.

A 1956, yana da shekara 17, ya ga Keita Fodeba, mutumin Gini da ya kafa ƙungiyar Ballets Africains, yana kaɗa jita. Abin ya shige shi, ya ƙudurta sai ya iya. To ku dubi abin da ya yi da ita. Jita tsirkiyarta shida, kuma waɗanda suka kawo ta suna da tasu hanyar kaɗawa, ta haɗa sautuka a buga su tare a raka murya. Ali bai bi ta nan ba. Waƙoƙin da ya riga ya iya a jarkel da njarka da molo ya ɗauko ya zuba a cikinta: babban yatsa yana riƙe da bugu a tsirkiyoyi masu kauri, manuni yana fitar da kari a sirara, duk a kan matakan sauti biyar ɗin da kiɗan arewacin Mali yake tafiya a kansu, waɗanda kunnen Bahaushe ma ya saba da su. Wanda ya rufe ido ya saurara zai rantse molo ake kaɗawa, sai dai ya fi wanda ya sani faɗin murya. Kayan na Turawa ne, amma abin da yake faɗa na Niafunke ne.

Kuma da jitar aro ya yi duk wannan. Bayan Mali ta sami 'yancin kai a 1960, gwamnatin Modibo Keita ta kafa ƙungiyoyin kiɗa da rawa a gundumomi, ana haɗa su gasa. Ali ya shiga ta Niafunke, mai mutum 117, suna zuwa Mopti suna karawa da sauran. Sai a 1968, da aka tura shi cikin tawagar Mali zuwa wani bikin ƙasa da ƙasa a Sofia ta Bulgeriya, ya sayi jitarsa ta farko. Shekara 12 ke nan tsakanin ranar da ya fara ganinta da ranar da ya mallake ta. Na san rashin kayan aiki ciwo ne na gaske, ba zan ce muku ba kome ba ne. Amma wayar da ke aljihun mafi talaucin cikinku ta fi duk abin da yake da shi a waɗancan shekarun, kuma bai zauna jiran kaya ba.

A 1968 ɗin ne kuma a Bamako wani abokinsa ya sa masa fayafayan baƙaƙen fatar Amurka, irin su James Brown da Otis Redding da John Lee Hooker. Da ya ji Hooker, a yadda ya sha ba da labari, sai ya ji kamar kiɗan ƙasarsu ake yi masa da wani harshe. Har ƙarshen rayuwarsa yana cewa abin da ake kira blues a Amurka rassa ne da ganye, saiwa da gangar itacen suna gida. Akwai gaskiya a maganar. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma sun tafi da kiɗansu a ka, kuma banjo ta Amurka jikar irin molayen yankinmu ce. Wannan dangantakar ce ta sa fim ɗin da Martin Scorsese ya fitar a 2003 kan tarihin blues ya kai mawaƙin Amurka Corey Harris har Niafunke wurin Ali. Sai dai ni ba na bin Ali har ƙarshen maganarsa. Jikokin bayin nan sun sha wuyar da ta zama tasu a gonakin auduga na Mississippi, kuma abin da suka ƙera daga cikinta nasu ne, bai kamata a ƙwace musu shi ba ko da da sunan zumunci.

Abin koyi a wurina shi ne yadda ya tsaya gaban faifan nan. Ya ji kiɗan ƙasar da ta fi kowace ƙasa kuɗi da suna, bai ji ya ƙanƙance ba. Ya saurara da kunnen wanda yake da nasa, ya gane abin da suka yi tarayya, ya ɗauki ɗan abin da ya yi masa, ya ci gaba da tafiyarsa. Ku gwada wannan da abin da ya faru da mu. Shekaru da yawa waƙoƙin fina-finanmu suna ɗauko karin waƙoƙin Indiya ɗungurungum, a cire kalmominsu a cusa namu. Da aka gaji da Indiya aka juya Legas, gobe kuma wani wurin ne. Laifin ba na sauraron kiɗan wasu ba ne, kowane makaɗi na kirki yana sauraron na wasu. Wanda bai tara kome a gida ba ne in ya ji na waje yake miƙa wuya gaba ɗaya, domin ba shi da abin da zai auna shi da shi.

Kada wani ya fahimce ni da cewa ku guji na'ura. A 1970 Ali ya koma Bamako ya kama aiki a gidan Rediyon Mali, kuma aikin nasa na ɗaukar sauti ne. Kusan shekara goma yana tsakanin makirufo da tef, yana ɗaukar makaɗa daga kowane lungu na ƙasar, yana jin yadda kowace ƙabila take nata. A nan ya ɗauki waƙoƙinsa, aka aika da su Paris, suka fara fita a faifai a tsakiyar shekarun 1970. An tattara wasu daga cikinsu an sake fitarwa a 1996 da sunan Radio Mali, ku neme su ku ji abin da murya da jita da ƙwarya kaɗai suke iya yi. Ya rungumi jitar lantarki ya ƙware a kanta. Mutumin da ya san inda ake ajiye makirufo a gaban ƙwarya ba wanda zai shigar da shi situdiyo ya juya shi yadda ya ga dama. Ku ma in kun shiga, kada ku rera ku fice ku bar wa mai kwamfuta sauran. Ku ja kujera kusa da shi, ku tambaya, ku koya, har ku iya cewa wannan amon ba shi nake nufi ba.

Ya yi waƙa da Songhai, da Fulatanci, da harshen Buzaye, da Bambara, kuma kowane da irin kiɗan masu shi. A ƙasar da arewacinta ya sha fama da tawaye da zargin juna tsakanin ƙabilu, musamman a shekarun 1990, mutum ɗaya ya tsaya yana rera wa kowa da harshen uwarsa, yana kira ga aiki da ilimi da zaman tare, ba ƙaramin abu ba ne. Da duniya ta buɗe masa kuma bai koma waƙa da Ingilishi don a saye shi ba. Mutanen Landan da Tokyo ba su jin abin da yake faɗa, suka saya duk da haka. Wannan ya shafe ku kai tsaye, domin Hausa harshe ne mai hawa da sauka, mai dogon wasali da gajere. In ka ɗora ta kan karin da aka yanka wa wani harshe, sai ka ja inda ba a ja, ka sauke inda ake ɗagawa, kalma ta fito a karye. Shata da Ɗanƙwairo ba su taɓa karya kalma don ta shiga kiɗa ba, kiɗan ne yake bin bayan magana, shi ya sa har yau tsoho da yaro suke jin kowace gaɓa.

A 1980 ya bar Bamako ya koma gona. Ga dukkan alamu labarin ya ƙare ke nan: makaɗin da aka sani a gida, ya yi zamaninsa, ya koma ga shinkafarsa. Sai a tsakiyar shekarun 1980 wani mai gabatar da shiri a BBC, Andy Kershaw, ya tsinci ɗaya daga cikin fayafayan nan na Paris ya sa a rediyo. Anne Hunt ta kamfanin World Circuit ta taso daga Landan ta zo Mali nemansa, har sai da aka yi cigiyarsa a Rediyon Mali, aka yi dace yana Bamako a lokacin, ya ji ya zo. A 1987 ya yi wasa a Ingila, yana da shekara 48. Ku riƙe wannan adadin, ku da kuke fid da rai in waƙa ta kwana bakwai a TikTok ba ta tashi ba. Da aka zo nemansa, an tarar da mutumin da ya shafe fiye da shekara 30 yana gyara abu ɗaya, babu abin da ya rage a koya masa.

Fayafayai suka biyo baya, The River a 1990, The Source a 1992, sannan wanda ya kai sunansa ko'ina, Talking Timbuktu, da ya fito a 1994. Shi da Ry Cooder suka yi shi, ɗaya daga cikin gwanayen jita na Amurka, a Los Angeles, cikin 'yan kwanaki. Ku saurari faifan nan da kyau ku ga wa yake bin wa. Akwai manyan makaɗan Amurka a ciki, Jim Keltner a ganguna, John Patitucci a bes, Clarence Gatemouth Brown, amma ƙwaryar Hamma Sankare, wanda Ali ya taho da shi daga gida, ita ke riƙe da tafiyar. Cooder, da duk girmansa, gefe ya koma yana cike gurbi, yana amsawa inda aka bar masa. Waƙoƙin na Ali ne, harsunan na Mali ne. Faifan ya ci Grammy. A bayanin da ya raka shi Ali ya ce wasu suna ɗaukar Timbuktu ƙarshen duniya ce, shi kuwa ɗan can ne, kuma yana shaida musu a tsakiyarta suke. Ba cika baki yake yi ba, haka ya ɗauki garinsu, kuma haka ya shiga situdiyon.

Wani da ya sami irin wannan ɗaukaka, Paris zai tare ko New York. Ali ya rage fita, ya koma Niafunke, yana cewa in ya yi nisa da ƙasar da kiɗan ya tsiro, kiɗan yana rasa ƙarfinsa. Da Nick Gold na World Circuit ya so sabon faifai, sai da ya kwaso kayan ɗaukar sauti da janareta ya kai su har can, aka kafa a wani tsohon gini da aka daina amfani da shi a gefen gari, ana jira mai gona ya taso daga gona kafin a kunna na'ura. Faifan ya fito a 1999, sunansa Niafunke. A zaman nan ne kuma aka ɗauki faifan farko na Afel Bocoum, yaron da ya bi Ali tun yana ɗan shekara 13. Shi ne kuma ya ja hankalin kamfanin ga Oumou Sangare, wadda yau ta zama babbar murya a duniya. Ƙofar da aka buɗe masa bai rufe ta a bayansa ba.

Kuɗin da kiɗa ya kawo, ƙasa ya zuba wa. Ya sayi injinan ban ruwa, ya faɗaɗa noman shinkafa a bakin kogi a yankin da fari ya sha cinyewa, mutane da yawa suka ci abinci ta dalilinsa. A 2004 aka zaɓe shi magajin garin Niafunke, ya sa kuɗin aljihunsa wajen gyaran hanyoyi da haƙa magudanun ruwa da sayen man janaretan da ke ba garin wuta. Ina so ku ga alaƙar wannan da waƙarsa, domin ba abu biyu ba ne. Mawaƙin da ba shi da wata madogara sai bakinsa, duk wanda ya riƙe kuɗi ya riƙe harshensa. Yau ya wasa wannan ɗan takara, in an faɗi zaɓe gobe ya zage shi ya wasa wanda ya kayar da shi, kuma jama'a suna gani suna ajiyewa. Waƙar yabo fasaha ce mai tsohon asali a wurinmu, Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun kai ta inda ba a kai ba, ba ita nake suka ba. Yunwar da ke sa mutum ya rera abin da shi kansa bai yarda da shi ba nake jiye muku. Ali yana da rumbu, saboda haka yana iya cewa a'a, ko ga ɗan siyasa ko ga Baturen da ya zo da kwangila. Ku riƙe sana'a, ko ɗinki ne, ko gyaran waya, ko karatunku na jami'a, kada ku sake ta don waƙa ɗaya ta karɓu.

Aikin da na fi so a cikin ayyukansa na ƙarshe ne, kuma babu Bature a tsakiyarsa. A 2004, a otal ɗin Mande da ke bakin kogi a Bamako, ya zauna da Toumani Diabate, gwanin kora mai tsirkiya 21, ɗan gidan da ya gaji kiɗan kaka da kakanni. Ƙasarsu ɗaya, amma kiɗansu ba ɗaya ba ne. Na Toumani na Mandinkawan kudu ne, na fada da tarihin sarakuna, mai matakan sauti bakwai, na Ali kuwa na arewa ne, na kogi da hamada. Ba su yi gwaji ba, suka zauna suka kaɗa, domin Ali ya riga ya haddace waƙoƙin kudu tun yana saurayi. In the Heart of the Moon ya fito a 2005, ya ci Grammy. Mu kan ɗauka haɗa kiɗa yana nufin namu da na Turawa kawai. Ga kiɗan Barebari, ga na Nufawa, ga sarewar Fulani, ga na Zabarmawa da Buzaye, duk a maƙwabtanmu, kuma ɗan Kano bai san kiɗan kotso na Zamfara yadda yake zato ba.

Akwai inda ban yarda da shi ba, kuma zan faɗa domin ya shafi da yawanku. Mutumin da danginsa suka hana kiɗa, da ɗansa Vieux ya nuna sha'awa, shi ma ya hana, soja ya so ya zama. Ya ga wahalar harkar da cutar da ake yi a cikinta, ya ji wa ɗansa tsoro, kuma wannan tsoron na uba ne, ba na ƙiyayya ba. Amma ya yi kuskure. Abin da ya burge ni shi ne yadda yaron ya bi da al'amarin. Bai yi fito-na-fito da mahaifinsa ba, bai fita yana ɓata shi ba. Ya shiga makarantar fasaha ta ƙasa a Bamako, ya yi ta koyo, ya sami babba mai mutunci a idon uban, wato Toumani, ya shiga tsakani. Kafin Ali ya rasu ya sa albarka, har ya kaɗa jita a faifan ɗan nasa na farko yana cikin ciwo. A 2010 Vieux yana cikin waɗanda suka yi wasa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu. Wanda iyayensa suke hana shi a cikinku, ya dubi wannan hanyar. Ya nuna musu da halinsa cewa waƙa ba ta raba shi da salla da kunya da neman halal ba, ya nemi kawu ko malamin da suke jin nauyinsa ya yi masa magana.

Ali ya rasu a Bamako a watan Maris na 2006, bayan fama da ciwon daji na ƙashi, 'yan makonni bayan Grammy ɗinsa ta biyu. Gidajen rediyon Mali suka dakatar da shirye-shiryensu suka sa waƙoƙinsa. Savane, wanda ya kammala kafin rasuwarsa, ya fito a shekarar, kuma faifansa na biyu da Toumani, da aka fitar a 2010, ya kawo masa Grammy ta uku. Allah Ya jiƙansa.

Irin wannan hanya ba ta gagari na kusa da mu ba. Malam Mamman Barka na Nijar malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi. Yana da sunansa da masoyansa, ya tashi a 2002 ya tafi bakin tafkin Chadi ya durƙusa gaban wani tsoho, Bukar Tar, don ya koyi biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar na masuntan Buduma, wanda a lokacin tsohon ne kaɗai ya rage da ya iya shi sosai. Ya koya, ya kai shi dandalin Turai, ya rasu a 2018. Ba don ya je ba, da biram ya bi tsohon kabari.

Haka abin yake a garuruwanmu yanzu. Haruna Uji ya tafi, Barmani Coge ta tafi a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Amma 'yan amshinsu da makaɗansu da yaran da suka yi musu hidima ba duka suka ƙare ba. Suna nan a Funtuwa da Haɗeja da Maraɗi da Gusau, wasu sun tsufa a zaure babu mai tambayarsu kome, kayan kiɗan suna rataye ƙura ta rufe. Akwai kuma tsofaffin ɗauka a gidajen rediyon Kaduna da Kano da Yamai waɗanda yawancinku ba ku taɓa nema ba.

Roƙona gare ku, ƙannena, kowa ya zaɓi abin kiɗa ɗaya na gida, gurmi ne, ko kukuma, ko kalangu, ko ƙwarya, ya nemi wanda ya iya shi a garinsu. Ku je da ladabi, ku gaishe shi a durƙushe, ku biya shi haƙƙin koyarwarsa, kada ku ɗauki wayarku ku naɗi kiɗansa ku tafi ku sayar. Ku ba abin shekara guda kuna zuwa kafin ku kai shi situdiyo. Ranar da kuka kai shi kuma, ku tafi da tsohon in yana iya tafiya, a ɗauki hannunsa, a rubuta sunansa a jikin waƙar, a ba shi kasonsa.